Kira ga asibitocinmu da malamanmu kan jinyar rashin barci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciwo da ke cin manya da yawa a cikinmu, maza da mata, amma ba kasafai ake kai shi asibiti ba, wato rashin barci. Ni malamin makarantar sakandare ne da ya haura shekara 50, kuma na yi fama da wannan ciwo fiye da shekara biyu kafin Allah Ya haɗa ni da jinyar da ta yi mini amfani. Na ga ya zama wajibi in bayyana abin da na gani da idona, domin na tabbata ko a daren yau akwai magidanta da iyaye mata masu yawa da za su kwana ido biyu suna juyi a shimfiɗa, ba su san cewa akwai wata hanya bayan ƙwayar kemis ba.

Nawa ciwon ya samo asali ne daga jinyar yayana. Na yi kusan wata biyu ina kwana a kan tabarma a gefen gadonsa na asibiti, kunnena yana kan numfashinsa, ko motsi ya yi sai na farka. Allah Ya yi masa rasuwa, aka share makoki, kowa ya koma harkarsa, amma ni barcina bai dawo ba. Nakan kwanta bayan sallar isha'i a gajiye liƙis, amma da zarar kaina ya taɓa matashi sai idona ya bushe. In ji ƙarar janaretan maƙwabta har a kashe shi, in ji usur ɗin 'yan sintiri, in haska waya in ga ƙarfe ɗaya, in sake haskawa in ga biyu da rabi, ina ta lissafin abin da ya rage kafin kiran assalatu. Da safe in shiga aji kaina yana sarawa, in fara bayani in manta inda na nufa, in daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ana cewa dare mahutar bawa, amma ni a wancan lokaci ana kiran magariba gabana yake fara faɗuwa.

Na bi hanyar da kusan kowa yake bi. Na riƙe addu'o'in kwanciya, an kawo mini rubutu na sha, wasu 'yan'uwa sun ce iska ce, wasu sun ce hannu aka sa mini. Daga ƙarshe na tsaya a wani kemis na faɗi damuwata, yaron shagon ya ɓallo mini ƙwayoyi ya ce, "Baba, rabi za ka riƙa sha, sai an tashe ka." Bai tambaye ni takardar likita ba, bai tambaye ni ko ina da wani ciwo ba. Diazepam ce ya ba ni. A makon farko na yi barci har na riƙa sa masa albarka. Kafin wata biyu rabi ya daina yi mini komai sai guda, daga baya guda ma ta koma biyu, kuma duk daren da ƙwayar ta yanke mini sai in kwana cikin makyarkyata da faɗuwar gaba wadda ta fi ta farko tsanani. Daga baya ne na fahimci cewa irin waɗannan magunguna, da Lexotan da danginsu, likitoci kan ba da su ne na ɗan lokaci, mako biyu zuwa huɗu, saboda jiki yana sabawa da su, suna kawo mantuwa, suna kuma sa dattawa jiri da faɗuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗin da ake bugawa a kwalinsu a 2020 saboda wannan haɗari na kamuwa. Idan muna maganar shaye-shaye a ƙasar nan hankalinmu yakan tafi ga matasan da ke laɓewa a kangwaye, musamman tun bayan da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba ma lissafa dattijo mai furfura ko hajiya mai jikoki da ba sa iya runtsawa sai sun haɗiyi ƙwaya, alhali su ma sun kamu, kuma ba da nufin maye suka fara ba.

'Yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tsinci fankon maganin a aljihun rigata. Ta ce, "Baba, tun yaushe kake shan wannan?" Da na gaya mata sai ta yi shiru, washegari ta ce lallai mu je asibitin koyarwa. Na so in ƙi da na ji cewa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa za a kai ni, domin a tunanina, kamar yadda yake a tunanin mutanenmu da yawa, wannan wuri na waɗanda aka ɗaure ne. Wannan kunya kaɗai ta hana mutane masu yawa samun sauƙi, kuma ina roƙon duk wanda ke karanta wannan wasiƙa ya ajiye ta. Likitan da ya fara ganina ya auna jinina da suga, ya tambayi uwargidana ko ina minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, ya tambaye ni ko fitsari ne ke yawan tashina, ko ƙafafuna na yi mini zogi da dare, ko na daina jin daɗin rayuwa gaba ɗaya. Da ya gama sai ya ce abin da nake da shi sunansa rashin barci mai daɗewa, kuma ana kiransa haka ne idan mutum ya kasa yin barci ko ya kasa zarcewa da shi aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku, abin kuma yana taɓa aikinsa na rana. Ya ce kimanin mutum ɗaya cikin manya goma yana ɗauke da shi, kuma ya fi yawa ga mata, musamman lokacin ɗaukewar al'ada. Sannan ya tura ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam.

Abin da wannan baiwar Allah ta fara yi mini shi ne bayani, kuma bayanin nan rabin magani ne. Ta ce wani masani ɗan Amurka mai suna Arthur Spielman ya raba sanadin wannan ciwo gida uku: akwai halittar mutum, kamar wanda dama barcinsa ba shi da nauyi ko mai yawan tunani ne, akwai abin da ya tayar da ciwon, kamar rasuwa ko bashi ko jinya, akwai kuma abin da ke raya shi bayan sanadin farko ya wuce. Ta ce, "Malam, jinyar yayanka ce ta buɗe ƙofa, amma ba ita ta hana a rufe ba." Na ukun nan shi ne abin mamaki, domin duk dabarun da na ƙirƙiro don in taimaki kaina su ne suke ciyar da ciwon. Na koma kwanciya tun ƙarfe 8:30 wai ko zan rama, ina komawa shimfiɗa bayan sallar asuba duk ranar da babu makaranta, ina yin doguwar ƙailula har la'asar, ina kuma cin goro da shan shayi mai kauri da yamma don in kori kasala. Ta bayyana mini cewa barci yana da yunwa kamar abinci: tun daga lokacin da mutum ya farka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, taruwarsa ce take kawo gyangyaɗi, duk kuma wani ɗan barci da aka sata da rana yana rage wannan yunwa kamar yadda ciye-ciye ke kashe wa mutum cin tuwon dare. Sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikin goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari yana toshe aikin adinosin ɗin, kuma bayan awa biyar da shansa kusan rabinsa yana nan cikin jini, don haka goron da aka ci bayan la'asar yana tare da mutum har shimfiɗarsa. Mafi muni kuma, saboda na shafe ɗaruruwan darare ina kwance ina fargaba, ƙwaƙwalwata ta haddace cewa gado wurin damuwa ne. Shi ya sa nakan yi gyangyaɗi a kujerar falo, amma ina shiga ɗaki barcin ya watse.

Jinyar da ta yi mini ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CBT-I, wato gyaran tunani da ɗabi'a domin maganin rashin barci. Ta fara da ba ni takarda in riƙa rubuta kowace safiya lokacin da na kwanta, da kimanin lokacin da barci ya ɗauke ni, da sau nawa na farka, da lokacin da na tashi. Bayan mako biyu muka duba, sai ga shi ina shafe kusan awa tara a shimfiɗa amma barcin bai wuce awa biyar ba. Sai ta yanke mini hukuncin da na ɗauka zalunci ne: kada in kwanta kafin ƙarfe 11:30, in tashi ƙarfe 5:00 kowace rana ko na yi barci ko ban yi ba, kada in koma bayan sallah, kada in yi ƙailula har sai an ga sauƙi, in kuma fita in sha hasken safiya domin shi ke saita agogon jiki. Na ce mata, "Malama, mutumin da ya zo neman barci shi za ki rage wa lokacin kwanciya?" Ta ce in ba ta mako biyu. Wannan dabara Spielman da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a 1987, kuma hikimarta ita ce a tara yunwar barcin wuri ɗaya maimakon a barbaza ta. Makon farko na sha wuya ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har tsaye nake yin gyangyaɗi. Amma a mako na biyu na fara kwanciya in yi barci cikin ɗan lokaci, abin da na manta rabona da shi. Duk makon da lissafi ya nuna cewa barcina ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin da na yi a kwance, sai ta ƙara mini minti 15, a haka muka riƙa hawa sannu a hankali.

Dabara ta biyu, wadda Richard Bootzin ya fito da ita tun 1972, ita ce a sake koya wa ƙwaƙwalwa cewa shimfiɗa ta barci ce. Kada in kwanta sai na ji barci na fizgata da gaske, domin gajiya daban, jin barci daban. Idan na kwanta na ga kamar minti 20 ya wuce ban yi barci ba, in tashi in bar shimfiɗar, in zauna cikin haske kaɗan ina wani abu mai kwantar da hankali, sai barcin ya dawo in koma. Ban da waya, ban da duba agogo. A nan ne na ga muhimmancin mai jinya da ya san rayuwarmu, domin littattafan Turawa suna cewa mutum ya tafi wani ɗaki, alhali da yawa cikinmu ɗaki ɗaya ne da su, da mata da yara. Ta ce ba ɗakin ne abin nufi ba, ko tabarma ce a gefe ko kujera ko buzun sallah ya wadatar, muddin mutum ya raba jikinsa da wurin kwanciya. Ni a kan buzu nake zama ina jan carbi, kuma ta ja hankalina cewa in yi lazimin don Allah da samun natsuwa, kada in mai da shi tarkon kama barci ina yi ina leƙen ko ya zo.

Wannan jan hankali shi ne ya kai mu ga sashen da ya fi taɓa ni, wato gyaran tunani. Ta sa na rubuta abubuwan da nake gaya wa kaina da tsakar dare, sai na ga ashe kullum ina cewa idan ban yi barci yau ba zan haukace, ko jinina zai hau in shanye, ko gobe ba zan iya koyarwa ba. Ta tambaye ni cikin darare sama da 700 da na yi a haka, sau nawa na kasa zuwa makaranta saboda rashin barci. Na lissafa, bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Ta ware mini minti 20 bayan la'asar in zauna in rubuta basussukana da hidimomin gida da abin da zan yi a kan kowanne, domin kada su bi ni gado. Mun kuma yi maganar yayana, abin da ban taɓa yi da kowa ba tun rasuwarsa. Ana cikin haka ne na tuna cewa harshenmu ya riga ya faɗi gaskiyar lamarin, tun da mu muke cewa barci ɓarawo ne. Ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da maigida yake zaune a bakin ƙofa da fitila yana jiransa, ni kuma shekara biyu na yi ina gadin zuwansa. Duk sauran ayyukan duniya ƙoƙari yana ƙara musu kyau, amma barci ƙoƙarin yinsa ne yake korarsa.

Zama shida muka yi cikin wata biyu da 'yan kwanaki. A gefe guda likita yana rage mini ƙwayar kaɗan-kaɗan har na rabu da ita, kuma ina gargaɗin duk wanda ya daɗe yana shan irinta kada ya yanke ta dare ɗaya da kansa, domin hakan na iya jawo jijjiga mai haɗari. Yanzu ina samun awa shida da rabi zuwa bakwai. Har gobe akwai daren da barci ke yi mini gardama, musamman a zafin bazara idan babu wuta, ko bayan azumi kafin jiki ya koma daidai, amma ba ya firgita ni, domin na san abin yi.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin mutum ɗaya ne kawai nake kafa hujja da shi. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta ba da shawarar cewa wannan jinya ce za a fara yi wa duk babban da ke da rashin barci mai daɗewa kafin a yi tunanin ƙwaya, masana barci na Turai suka fitar da irin wannan matsaya a 2017, a 2022 kuma hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da wata manhaja mai suna Sleepio da ke koyar da ita ta waya. Dalilinsu shi ne amfaninta yana ɗorewa bayan an gama, saɓanin ƙwaya da aikinta ke ƙarewa ranar da aka daina sha.

Ina da magana ta musamman ga malamanmu, domin su ne ake fara kai wa wannan kuka kafin likita. Allah Maɗaukaki Ya ambaci barci cikin ni'imominSa a Suratun Naba'i, inda Ya ce Ya sanya shi hutu, Ya sanya dare sutura. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i, kuma ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa da idonsa suna da hakki a kansa. Tashin asuba a kan lokaci ɗaya kullum, wanda shi ne ginshiƙin wannan jinya, mu addininmu ya riga ya ba mu shi, sai dai muna ɓata shi da hirar majalisa da teburin mai shayi har sha biyun dare da kuma komawa barcin hantsi. Ban bar addu'ar kwanciya ko dare ɗaya ba a duk tsawon jinyata, kuma babu wanda ya ce in bari. Roƙona shi ne idan mutum ya zo wa malam da kukan wata uku ba ya barci, a ba shi addu'a, a kuma ce masa ya je asibiti, kada a gaggauta ɗora abin a kan aljanu ko kishiya ko abokin kasuwa, domin wannan zargi yana ƙara masa fargabar da ita ce makamashin ciwon, yana kuma raba zumunci.

Dole in yi adalci in ce ba kowane rashin barci ne wannan hanya take warkarwa ba. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari da ciwon kai da gyangyaɗi, ciwonsa daban ne, yana da alaƙa da hawan jini, kuma ƙwayar barci na iya ƙara masa haɗari. Mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali irin wanda ke tashi yana kwantawa, da direban babbar mota, kada ɗayansu ya rage lokacin kwanciyarsa sai da kulawar likita. Wanda sauro da zafi suka hana barci, gidan sauro da iska yake buƙata. Mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, tsaro ne maganinsu na farko, kodayake da yawa cikin waɗanda suka tsira suka dawo gari, da 'yan gudun hijirar Borno, har yau mugayen mafarkai da firgita ba su bar su ba, kuma su ne suka fi kowa cancantar a nemo su a yi musu jinya.

Babbar matsalar ita ce isa ga masu yin jinyar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma asibitocin ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau a Kano sun cika maƙil da masu lalurori masu tsanani. Ni na dace ne da 'ya ma'aikaciyar jinya da kuma kuɗin mota. Amma wannan jinya ba ta buƙatar na'ura ko magani daga waje, takarda ce da biro da mutumin da aka horar. A 2023 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani bincike na Jami'ar Oxford da ya nuna cewa ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci, bayan ɗan gajeren horo, sun taimaki masu rashin barci da dabarar taƙaita lokacin kwanciya cikin zama huɗu kacal. A farkon shekarar 2023 ɗin ne kuma shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, don haka akwai madogara ta doka ga duk kwamishinan lafiya da ke son ya shigar da irin wannan aiki asibitocin matakin farko. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da makarantun koyon aikin jinya da su sa wannan darasi cikin horon da suke bayarwa, a kuma buga takardar lissafin barci da Hausa, da boko da ajami, a ajiye ta a kowane ɗakin shan magani. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi ita ma ta tsananta sa ido a kan sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka gayyato ɗaya daga cikin masanan halayyar ɗan Adam da ke asibitocin koyarwarmu ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya na wasu makonni, ka kuma buga samfurin takardar lissafin barcin yadda mutum zai iya kwafa a littafinsa. A masallacin unguwarmu kaɗai, tun da na fara ba da labarina, mutum huɗu sun ja ni gefe bayan sallah suna tambayata a ɓoye, uku daga cikinsu kuma suna shan irin ƙwayar da na sha.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga Zariya.